Wanda Ya Auna Tagogin

Akawu yana tsaye a kan kujera yana fama da allonsa, wanda tun safe ya rantse sai ya karkace, sai ya ji muryar mace a bayansa.

"Malam, kai ne mai rubuta ƙorafi?"

Saura ƙiris ya faɗo. Tun da ya kafa teburinsa a barandar shagon Mai Kwafi, babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. An tambaye shi inda ake sayar da katin waya, an tambaye shi hanyar asibiti, wata tsohuwa ma ta taɓa ba shi ajiyar kaza ta shiga kasuwa. Amma aikin da ya rubuta a allon da manyan baƙaƙe, ANA RUBUTA WASIƘAR ƘORAFI, ANA KUMA ISARWA, ko kare bai taɓa tsayawa ya shinshina ba.

"Ni ne, ni ne," ya ce, yana saukowa yana kakkaɓe kujerar da gefen hannun riga. "Bismillah, zauna. Kin zo inda ya dace."

Ba ƙarya ya yi ba. Akawu ya tsufa ne a sashen karɓar ƙorafi na wani kamfani, har ranar da aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Ya san wasiƙar ƙorafi ciki da bai. A tsohon teburinsa akwai kwanduna uku na ƙarfe, ɗaya a kan ɗaya. Na sama na wasiƙun da za a amsa yau ne. Na tsakiya na waɗanda za a amsa in Allah ya so. Na ƙasa kuwa su ma'aikata suna kiransa maƙabarta, kuma can ake kai duk wasiƙar da ta zo da zagi, ko ta cika shafi huɗu ba ta faɗi abin da mai ita yake so ba. Da aka sallame shi, ya zauna a gida yana kallon bango har ya gaji, sannan ya ga cewa ilimin kwandunan nan shi ne kaɗai jarin da ya fito da shi.

Matar ta zauna ta ɗora jaka a cinya. Ba ta kai matarsa shekaru ba, amma idanunta sun yi zuru-zuru irin na wanda barci ya yi wa yaji.

"Ni malamar makaranta ce," ta ce. "Ko in ce da. Na ajiye aiki zan buɗe gidan renon yara. Ranar Litinin iyaye za su zo su ga wuri."

"Allah ya sa albarka, Malama." Ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa, ya gyara zaman birukan da ke aljihun gaban rigarsa, baƙi da shuɗi da ja. "Kafin mu fara, ga ƙa'idata. Za mu faɗi abin da ya faru, da ranar da ya faru. Za mu kawo shaida. Za mu nemi abu ɗaya tak. Kuma ba za mu zagi kowa ba."

"Ba zagi?"

"Ko kaɗan."

"To me zan biya ka ka yi?"

Daga cikin shago Mai Kwafi ya tuntsire da dariya, ya mai da ita tari. Akawu ya yi kamar bai ji ba.

"Wane kamfani ne ya ɓata miki?"

"Ina kamfani? Wata mai ɗinkin labule ce. An ce mini sabuwa ce amma hannunta yana da kyau, na ce bari in taimaki 'yar'uwata mace, ni ma sabuwa ce. Na sayi yadi mai kauri, mai tsada, don ɗakin barcin yara. Aka kawo, aka rataye. Malam, duba nan."

Ta miƙo masa wayarta.

Labule ne shuɗi, ɗinkin ya zauna sumul, kalmasar kamar da rula aka ja ta. Sai dai ya tsaya a hanya. Tsakanin bakinsa da ƙasan tagar akwai fili kusan kamu guda, kuma ta nan rana ta shigo ta shimfiɗa wani farin layi a kan ƙananan katifun da aka jera a ƙasa.

"Ka gani? Daidai inda kawunan yara za su kasance. Daidai lokacin barcin rana. Kamar babban mutum ya ari wandon ƙaninsa."

Akawu ba labulen yake kallo ba. Bangon yake kallo, rawaya, da zanen agwagi suna bin uwarsu. Ya san agwagin nan. Ya san ta ƙarshen, wadda mai fenti ya manta bai yi mata ido ba. Ya tsaya a gabanta da tef ɗin awo a hannu, yana tunanin ko ya ɗiga mata ido da birunsa.

Labulen nan ɗinkin matarsa ne.

Ranar nan matarsa ba ta iya fita ba, tana kan keken ɗinki tana ƙarasa wani aiki, sai ta roƙe shi ya je ya auno mata tagogi. Maigadi ne ya buɗe masa, mai wurin ba ta nan. Ya tuna matarsa tana biye da shi har ƙofar gida tana yi masa bayani, shi kuwa wayarsa tana kunne, yana rigima da mai rubuta allo a kan kalmar ƘORAFI da ya rubuta ba ƙugiya. Ya tuna yana ɗaga mata hannu yana cewa na gane, na gane. Da ya isa, ya auna tagogin tsaf, gilashi daga gefe zuwa gefe, daga sama zuwa ƙasa, bai ƙara ko ƙwayar zarra ba, don shi ba ya ƙari a lissafi. Sandar labulen da ke can sama da tagar kuwa, ya gan ta, har ya yaba yadda aka kafa ta. Bai dai kawo a ransa cewa tana da wata alaƙa da aikinsa ba.

"Malam? Lafiya?"

"Lafiya lau. Hasken wayar ne." Ya miƙa mata. "Kin… kin yi magana da ita?"

"Na kira ta, na wanke ta tas. Ta yi shiru kamar an ɗauke wuta, sai haƙuri take ba ni. Na ce haƙuri zan rataya a taga? Daga ranar ba ta ƙara ɗaukar wayata ba."

To, ashe shi ne. Kwanakin nan wayar matarsa kullum a kife take a kan tebur, tana ta ɓari ita kaɗai. Keken ɗinkin da ke hana shi jin labarai ya yi tsit. Ya tambaye ta sau ɗaya, ta ce kanta ne ke ciwo, shi kuma ya sayo mata magani, ya ga ya gama nasa.

"Shi ya sa nake so a rubuce," Malama ta ci gaba. "Muna da guruf a waya, masu makarantu da iyayen yara na wannan yanki duk suna ciki. Da na yi niyyar in tallata ta a can. Yanzu in Litinin ta zo a haka, hoton nan da hoton wasiƙar da lambarta zan sa. Ko ƙyallen share hanci ba wanda zai sake ba ta."

Akawu ya san abin da wannan yake nufi. Matarsa ta daɗe tana yi wa maƙwabta ɗinkin a-taimaka, wanda ake biya da godiya. Wannan ne aikinta na farko daga waje, daga wadda ba ta san ta ba. Ranar da aka ba ta shi, waƙa ta dinga yi a kicin. Kuma tun da aka sallame shi, keken nan ne yake riƙe da gidan, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗin haka da baki.

"Ina zuwa," ya ce. "Bari in duba ko firinta tana da tawada."

Cikin shago ya ja Mai Kwafi bayan injin, ya raɗa masa komai. Mai Kwafi ya saurara baki buɗe, sannan ya dafe ciki ya durƙusa, kafaɗunsa suna rawa.

"Kai, Akawu! Kasuwa ta buɗe, sai ta buɗe a kanka!"

"Ba dariya na zo ka yi ba. Ya zan yi?"

"Ka ce mata ba ka da lafiya."

"Ta tafi wajen wani ya rubuta mata wadda ta fi muni?"

"To ka faɗa mata gaskiya."

"In ce ni ne mijin, ni ne mai awon, kuma kawo in rubuta miki ƙorafi? Kafin in rufe baki hotona yana guruf."

Mai Kwafi ya share hawaye, ya ɗan yi tunani. "Tsaya. Ba kai kake damun mu kullum da zancen kwandon ƙasa ba? Ka ce wasiƙa mai zagi ba ta cin kowa, maƙabarta ake kai ta. To ita zagi take so. Ba ta abin da take so mana. Ta huce, ta biya ka, wasiƙa ta mutu. Kowa ya huta."

Akawu ya tsaya yana kallonsa. Maganar ta yi kama da hankali. Ya juya ta ta nan, ya juya ta ta can, bai ga inda ta yage ba. Shekara da shekaru yana ganin irin waɗannan wasiƙu suna mutuwa a hannunsa, ko ƙura ba sa tayarwa.

Ya koma ya zauna. "Malama, na sake shawara. Ke aka ɓata wa. Faɗi yadda yake a ranki, ni kuma in rubuta."

Fuskarta ta washe. Ta gyara zama, ta fara. Ashe malaman makaranta ba a banza suke tsayawa gaban allo ba. Magana ta dinga zubowa, shi kuma yatsunsa suna bi. Ya ma taimaka mata, don gwani ko ɓarna zai yi sai ya yi ta da kyau: inda ta ce sakaci, ya ƙara ganganci, inda ta ce rashin iya aiki, ya ƙara rashin kunya. Wasiƙa ta cika shafi ta tsallaka na biyu, ba kwanan wata, ba buƙata, irin wadda a da ko sakin layi na farko ba zai gama ba zai jefa ta ƙasa.

"Karanta in ji," ta ce.

Ya gyara murya ya fara karantawa. Yana tafiya lafiya har ya iso inda aka ce, wadda ba ta san awo ba, me ya kai ta taɓa almakashi, ta koma ta nemi abin da ta iya, in akwai.

Nan ya tsaya.

Ya yi ƙoƙarin ya hango wasiƙar tana faɗawa kwandon ƙasa, sai ya rasa kwandon. Ya neme shi a falonsu, ya neme shi a ɗakin da keken yake, babu. A kamfani, wanda ya buɗe ambulan daban, wanda ya yi laifin daban, mai kamfanin kuwa bai ma san an yi ba. Zagi ya zo ya tarar ba kowa a gida, ya gaji ya kwanta. Amma a gidansa hannun da zai farke ambulan ɗin shi ne hannun da ya yi kalmasar nan mai kyau. Za ta karanta har ƙarshe. Za ta sake karantawa. Ya san ta, ninkewa za ta yi ta sa a ƙarƙashin keke, ta riƙa ɗaukowa.

Kansa ya ɗaure tam. Wasiƙar da ya sani ba ta da ƙarfi ita ce za ta kashe, wadda kuma ya sani tana ci ita ce mai sauƙin. Duk ilimin da ya kafa allo a kansa ya juye ƙafa a sama, kuma a ranar farko da aka zo saye.

"Ya ka tsaya? Wurin nan ya fi ko'ina daɗi."

"Malama, wannan wasiƙar ba za ta yi ba."

"Kai fa ka ce in faɗi yadda yake a raina!"

"Na ce."

"Kafin nan kuma ka ce ba zagi."

"Shi ma na ce."

"To wanne ne? Malam, ka taɓa yin aikin nan kuwa?" Ta ƙanƙance ido. "Ko dai ka san matar ne?"

Ga ƙofa an buɗe masa, faɗa kawai zai yi. Ya buɗe baki, gaskiyar ta taso har maƙogwaro, ta leƙo ta ga fuskar Malama, ta koma.

"Na san irinta," ya ce a hankali. "Bari in tambaye ki abu ɗaya. Ranar Litinin, me kike so ki gani? Matar nan tana kuka, ko yara suna barci?"

Malama ta sunkuyar da kai. Ta dubi jakarta. Ta murza hannun jakar, ta sake murzawa. Da ta yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Kowa ya ce kada in bar aiki. Yayata ta ce wata uku zan yi in dawo ina roƙo a mai da ni. Komai na wurin nan da hannuna na zaɓa, har agwagin bango. Iyaye za su shigo, abin da za su fara gani ke nan. Za su ce wadda ba ta iya lura da labule ba, ita za ta lura da ɗana?" Ta goge ido da bakin mayafi, da haushi, kamar idon ne ya yi mata laifi. "Yara nake so su yi barci."

"To shi za mu nema."

Ya goge shafukan nan biyu kaf, ya fara sabo. Wannan karon hannunsa ya san hanya. Ya sa kwanan wata. Ya faɗi ranar da aka ba da aiki da ranar da aka kawo. Ya rubuta cewa ɗinkin ya yi kyau, Malama ta ce a cire, ya ce gaskiya ce kuma ita ke sa a karanta sauran, ta yi tsaki ta bar shi. Ya rubuta cewa tsawon bai kai ba, rana tana sauka a kan katifun yara, ga hoto. Ya nemi a ƙara tsawon kafin Litinin, ko da da wani yadin ne a ƙasa, in dai ya dace. Ya rufe da jimlar da ya fi ƙauna a duniya: ina fata za mu warware wannan cikin hanzari da mutunta juna.

Malama ta karanta a fuskar kwamfutar, leɓunanta suna motsi. "Ba laifi," ta ce. "Saura abu ɗaya. A turo mini wanda ya yi awon."

Akawu ya ɗago ya dube ta.

"Ai ba ita ta zo ba, maigadi ya faɗa mini. Wani dattijo ta turo, ya ce da ganinsa bai taɓa riƙe tef ba, sai iyayi, aljihu cike da biruka kamar mai sayarwa."

Akawu ya ɗora tafin hannunsa a ƙirji, kamar wanda labarin ya taɓa wa zuciya, ya bar shi a nan.

"Shi nake so ya dawo ya sake aunawa a gabana. In ga idonsa."

"Malama, ƙa'ida ita ce abu ɗaya tak ake nema. In aka nemi biyu…"

"Ƙa'idarka tun ɗazu take canza riga. Ko ka sa, ko ka dawo mini da ta farkon, na haddace ta."

Da hannu ɗaya ya buga jimlar, ɗayan yana gadin aljihu. Mai Kwafi ya fito da takardar daga firinta, ya kawo da kansa, fuskarsa a ɗaure kamar mai gaisuwar mutuwa, sai dai gefen bakinsa yana rawa. Malama ta sa hannu, ta biya, ta ƙara da godiya. Akawu ya karɓi kuɗin farko na sabuwar sana'arsa, ya rasa aljihun da zai sa su.

"Na ga allonka ya ce kuna isarwa," ta ce tana miƙewa. "Ni in na je, za a ji mu. Bari in kwatanta maka gidan."

Haka ya zauna, ya ɗauki takarda, aka kwatanta masa gidansa. A sauka a gidan mai, a bi layi na biyu, ƙofa koriya. Ya rubuta.

"Ba za ka ɓata ba, akwai wani mataccen babur a jingine a ƙofar, duk tayoyin sun sace. Na mijinta ne, ina ji. Da alama shi ma ba wani abin kirki yake yi ba."

"Da alama," Akawu ya ce, ya rubuta babur.

A cikin bas ya sami wuri kusa da taga, ambulan a cinya. Ya yi ta ƙoƙarin ya jera abin a kansa yadda yake jera fayil, ya ƙi jeruwa. Shi ya rubuta ƙorafin. Shi zai kai. Shi ake ƙorafi a kai. Kuma in matarsa ta ce a ba da amsa, wa za ta ba in ba gwanin gida ba? Ya hango kansa yana rubuta wa kansa amsa, Malama ta kawo masa ita ta ce ya mai da martani, ya yi ta aika wa kansa wasiƙu har tsufa ya ƙarasa shi. Ya yi tunanin ya bar ambulan ɗin a kan kujerar bas. Ya yi tunanin ya tura ta ƙarƙashin ƙofa ya zaga ya dawo kamar bai san komai ba. Yana cikin wannan ne ɗan kwandasta ya taɓa shi ya ce Baba, ba a gidan mai ka ce za ka sauka ba, ai mun wuce.

Ya dawo da ƙafa. A ƙofar gida ya tsaya ya dubi babur ɗin, karo na farko cikin watanni, ya ga lallai ya mutu. Sannan, bai san dalili ba, ya ƙwanƙwasa ƙofarsa.

"Waye?"

"Saƙo ne."

Matarsa ta buɗe, zare a maƙale a gefen zaninta. Ta dube shi, ta dubi bayansa. "Baban yara, lafiya kake ƙwanƙwasa ƙofa? Ka yar da makulli ne?"

Ya bi ta zuwa ɗakin ɗinki. Rabonsa da shiga ɗakin nan ya manta. A kan tebur ga wayarta a kife. A kan gadon baƙi kuwa ga dogayen ƙyallaye na yadi rawaya mai kauri, an yanka, an goge, an jera, ba a ɗinka ba.

"Wannan fa?"

"Wani aiki ne," ta ce, ta ja wani zani za ta rufe.

Ya miƙa mata ambulan ɗin. Ta ga sunan gidan renon a baya, hannunta ya tsaya a iska. Ta zauna a kujerar keke, ta farke a hankali, ta karanta. Yana tsaye yana kallon idonta yana bin layi. Ya ga inda ta iso ɗinkin ya yi kyau, don nan ta tsaya, ta koma baya ta sake bi. Da ta kai ƙarshe sai ta sauke wani dogon numfashi, kamar wadda ta sauke tulu.

"Cikin hanzari da mutunta juna," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ko ranar da kuka yi rigima da mai gyaran famfo abin da ka ce masa ke nan."

"Ba ta san ni ne ba."

"Wanne daga ciki?"

"Duka."

Ta rufe baki da takardar. Bai gane ko dariya take yi ko kuka ba, ita ma da alama ba ta tantance ba.

"Maman yara, tun yaushe kika sani?"

"Tun da mai ratayewa ya turo mini hoto. Na ɗauko takardarka na duba, na ga gilashi ka auna."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba? Kika bari ana wanke ki a waya, ni ina sayo miki maganin ciwon kai?"

Ta ninke wasiƙar, ta shafa ninkin da farce yadda take yi wa kalmasa. "Ranar da ka dawo daga awon nan, ka ja layi da rula, ka rubuta da biro kala uku, ka kawo mini kana murmushi. Tun da aka sallame ka ban ga haƙoranka ba sai ranar. Na ga lambobin sun yi mini kaɗan, na ce daga sanda ka fara? Ka ce ni za ki koya wa aiki da lamba?" Ta ɗago ta dube shi. "Sai na yanka."

Akawu ya nemi wurin zama, bai samu ba sai gefen gadon, kusa da ƙyallayen. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta barin mutum ya ba da haƙuri ma, don haƙurin ya yi ƙanƙanta.

"Waɗannan na ƙarin ne," ta ce. "Rawaya, ya shiga da bangon. Na yanka da faɗi don kada su gaza. Amma ba zan ɗinka da ka ba, sai an sake awo. Ni na kasa zuwa in haɗa ido da ita. Kai kuma in na ce ka koma, sai na faɗa maka dalili. Sai na zauna."

Ta juya wayar ta kalli sama. Ta daɗe tana kallon ta, sannan ta danna ta kai kunne.

"Malama, ina wuni. Ni ce mai labule… Na gani, yanzu aka kawo… A'a, ni ce da ban haƙuri. Za a gyara kafin Litinin, in sha Allahu… E, gobe da safe zai zo… Shi ɗin dai, wanda ya yi na farkon." Ta saurara, idonta a kan mijinta. "To, zan faɗa masa."

Ta ajiye wayar, wannan karon fuskarta a sama.

"Me ta ce?"

"Ta ce in ɗan aiken bai tafi ba in gaishe shi, mutumin kirki ne, za ta sa lambarsa a guruf." Ta ciro tef ɗin awo daga kan ƙusa, ta rataya masa a wuya. "Mai awon kuwa, ta ce tana jiran sa."

Akawu ya sunkuya ya dubi tef ɗin, ya dubi birukan da ke aljihunsa. Ya zare su duka uku, ya ajiye a kan keken. Ya ɗan zauna yana kallon su. Sannan ya kwashe su ya mayar aljihu, ɗaya bayan ɗaya, baƙi da shuɗi da ja.

Ya ciro wayarsa ya kashe ta, ya kife ta a kan gado.

"To," ya ce, "sake faɗa mini. Daga ina ake farawa?"